Boru ya wuce, sa ya rame: yadda nike maido da jikin sa ba tare da na ɓata mishi tumbi ba

Bara waccan cikin sanyi ina da shanu ukku ɗaure bayan gida nan Tahoua, Azawak biyu da Bororo guda, turka nike da niyyar in riƙe su wata huɗu in hidda su. Sai kwaɗayi ya ja ni na ƙaro na huɗu daga wata kasuwar ƙauye saboda na ga araha, kuma ina sauke shi daga mota na ɗaure shi jikin turke guda da sauran, komi guda, bokiti guda. Kwana biyar tsakani na hito da asuba na iske Bororon tsaye yawu na dalala daga bakinshi kamar igiya har ƙasa, shina tauna iska kana jin tas tas, ƙafa kuma yanzu shi ɗaga wagga yanzu shi ɗaga waccan kamar wanda ya taka garwashi. Kahin sati duk huɗun sun kamu. Boru kenan, ciwon baki da kofato, wanda Fulani da yawa ke ce ma safa, likitocin dabbobi kuma su ce fièvre aphteuse.

Ba ɗaya da ya mutu, amma asarar da na yi ba cutar ce ta jawo rabinta ba, ni na jawo ta da gaggawa. To shi yasa nike son in shimfiɗa abinda na koya daki daki, daga ranar da sa ya ƙi ci har ranar da tozo ya sake tsayawa.

Da farko a gane wani abu. Boru ƙwayar bairos ce, ba ta da allurar da ke kashe ta cikin jiki, duk wanda ya ce maka ga allurar boru mai warkarwa to ko dai maganin ƙwayoyin da ke shiga gyambo ne ya ke nufi ko kuma kuɗinka ya ke so. Zazzaɓi na kai 40 zuwa 41, kwana biyu ko ukku shi sauka, ƙuraje masu ruwa su hito a harshe da dasashi da tsakanin kofato su fashe, baki yakan warke cikin kamar sati biyu, ƙafa ita ce mai jan lokaci. Babban sa da wuya shi mutu, cikin ɗari bai wuce ɗaya zuwa biyar ba, 'yan maruƙa ne ke faɗuwa farat ɗaya saboda tana taɓa musu zuciya. Abinda ke cinye sa babba yunwa ce da ƙishirwa, ga abinci gabanshi ba shi iya ɗauka, kuma saniya da harshe take naɗo ciyawa, in harshe ya saɓule to an gama. Don haka aikinka ukku ne kuma bi da bi suke: baki shi iya karɓa, tumbi shi dawo aiki, sannan nama shi hau. Mutane na tsallake biyun farko su faɗa na ukku.

Kwanakin da baki ke ɗanye

Ruwa kahin komi. Sa mai kilo 250 zuwa 300 na shan lita 30 zuwa 40 a rana, cikin zahin watan huɗu da na biyar irin namu na Tahoua ya wuce 50, wato bido biyu na lita 25 don shi kaɗai. Kuma tunda ƙafa na ciwo kar ka ce sai ya tako zuwa tano, kai za ka kai mishi har inda shike kwance, cikin roba mai faɗi wadda za shi tsoma baki ba tare da gefen ƙarfe ya goge shi ba, ruwan da ya kwana a inuwa ba wanda rana ta dafa ba. Ina zuba gishiri kamar gram 100 cikin bido guda sau ɗaya a rana, sauran ruwan kuma zalla, kada ka mai da duka ruwanshi na gishiri. Za ka ga wani sa ya tsoma baki cikin ruwa ya bar shi hakanan ba ya sha, ƙyale shi, sanyi ya ke ji.

Kahin ka ba da abinci wanke baki, sahe da marece. Ruwan ɗumi lita guda da 'yar kanwa kamar ƙaramin cokali, ka tace don kar tsakuwa ta shiga, ka samu tsumma mai laushi ka dinga dannawa a hankali, ba gurzawa ba. Bayan nan ka shafa zuma. Wani tsohon Bafillace da ke kiwo wajen hanyar Tabalak ne ya hana ni abinda na ga ana yi, wato a cika hannu da gishiri a murje harshen sa har jini shi hito, na ce mishi Baffa ai haka na ga ana yi, ya ce yaro kai in bakinka ya yi ƙuraje haka kake ma kanka? Sa da anka yi ma haka yakan ƙara kwana biyu bai yarda an taɓa mishi baki ba. Ruwan kanwa na da wani anfanin ma, ƙwayar boru ba ta jure abu mai kaifin kanwa ko mai tsami sosai, shi yasa likitoci ke wanke wuri da ruwan soda kashi 4 cikin ɗari, kai ma ka yi mai kauri daban don wanke bokiti da takalmi da igiya, amma wannan mai kaurin ba na baki ba ne.

Abinci a wannan lokaci kunu ne. Dusar alkama ko ta hatsi rabin kilo, a zuba mata tafasasshen ruwa a dama ta yi ruwa ruwa, a bari ta huce sarai, ɗan gishiri kaɗan, a ba shi sau biyu ko ukku a rana. In akwai ɗan garin hatsi a sa hannu guda don ɗanɗano, hannu guda na ce ba tiya ba. Tare da shi sai ganye mai laushi: harawar wake a karkaɗe ganyen kaɗai a bar sandunan, a jiƙa shi awa guda ya yi tuɓus, ko ɗanyar ciyawa ƙarama in damina ce, ko ganyen dankali daga garka. Mutanen Niamey su sun huta, ga burgu ɗanye a bakin kogin Isa, a yanka shi guntu guntu kamar tsawon yatsa. Abinda ba a ba shi sam yanzu su ne karan dawa da na hatsi, buntun shinkafa, busasshiyar ciyawa mai ƙarangiya a ciki, da 'ya'yan gawo da ba a daka ba. Duk waɗannan sake buɗe gyambo suke. Ni har ɗiba nike da hannu in dunƙula ganyen in tura ta gefen baki can wajen turame inda ba ƙuraje, sai ka ga ya tauna ya haɗiye.

Maganar ɗura kuwa, don Allah a yi hattara. In ka ɗaga kan sa sama ka kafa mishi kwalba kana tuttulawa, kunun na iya bin hanyar iska shi sauka huhu, kwana biyu sai tari da zazzaɓi, kuma irin wannan ciwon huhu da wuya a ci ƙarfinshi. In dole ne sai an ɗura to kai daidai da baya, kaɗan kaɗan ta gefen baki, kar a riƙe harshe, in ya yi tari a tsaya. Wanda ya kwana biyu bai sha ruwa ba, ido ya faɗa, ka ja fatar wuya ta tsaya ba ta koma ba, wannan ba na kwalba ba ne, a kira likitan dabbobi shi sa tiyo ko ƙarin ruwa. Kuma dama tun ranar farko ya kamata ma'aikatar elbaj, wato ta kiwo, ta ji labari, cuta ce da doka ta ce a sanar, su ne ke ɗaukar samfur su aika LABOCEL, babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na Niamey, a gane wane iri ne ke yawo.

Tumbi, inda na yi asara

Kwana na tara ɗaya daga cikin Azawak ɗin ya fara ci da kanshi, murna ta kama ni, ga shi ya rame awazu duk a waje, na ce bari in rama mishi. Na sa yara sunka ɓarza hatsi tiya biyu na haɗa da dusa na jiƙa na aje mishi, ya share tas. Washegari ya ƙi kallon abinci, cikin hagu ya tashi kana bugawa kana jin ruwa na motsi, zawo mai tsami mai kumfa launin toka, shina niƙa haƙora. Likita ya zo ya duba ya ce Malam ba boru ba ne wannan, kai ka yi. Sati biyu munka ƙara baya, kuma ƙafar da ta fara sauƙi ta sake ɗingishi.

Ga yadda ya fassara mini. Ba sa ne ke narkar da ciyawa da kanshi ba, ƙananan halittu ne da ido ba ya gani cike da tumbi, su ke cin ciyawar shi kuma shi rayu da abinda sunka samar. In ya yi sati bai ci ba yawancinsu sun mutu. Ka zubo hatsi mai yawa lokaci guda, masu son gari su yi ta haihuwa su tsamar da tumbin, masu cin ciyawa su ƙarasa mutuwa, tsamin shi shiga jini har shi sauka kofato. Kenan abincin da kake ba shi kwanakin farko na halittun nan ne, sai sun farfaɗo sannan sa shi ga anfani.

To ta yaya za ka san tumbi ya dawo? Abu ukku nike dubawa kullum da sahe kahin in zuba komi. Na ɗaya tuƙa, in ya kwanta shina tuƙa hankali kwance to alhamdulillahi. Na biyu in dunƙule hannu in danna kwiɓin hagu, ramin nan da ke bayan haƙarƙari na ƙarshe, in jira, lahiyayyen tumbi zai turo hannunka waje kamar sau biyu ko ukku cikin minti biyu, in shiru kake ji to kar ka ƙara dusa ranar nan. Na ukku kashi, in ya faɗo ya taru shina da ɗan rami a tsakiya to daidai, in ya watse kamar kunu da wari mai tsami ka yi yawa, in ya hito ƙulu ƙulu busasshe kamar na raƙumi to ruwa da abinci mai gina jiki sun yi kaɗan.

Ƙa'idar da nike bi yanzu: ciyawa kahin dusa, kullum. Da sahe shi fara cin ciyawa mai laushi da harawa kamar awa guda, sannan dusa. Dusar a raba ta biyu, sahe da marece. Ƙari kuma kwata kilo zuwa rabin kilo duk bayan kwana ukku, in kashi ya canza a koma awon baya a tsaya nan kwana ukku. Ina barbaɗa kanwa dakakka kamar babban cokali biyu cikin dusar rana guda, tana rage tsamin tumbi, kakanninmu da ke ba shanu kanwa ba wauta suke ba. Kuma ka auna tiyarka sau ɗaya a sikelin mai shago, don tiyar hatsi ta kai kilo biyu da rabi amma tiyar dusar alkama kusan kilo guda ce, mutane da yawa nan lissahinsu ke ɓacewa.

In tumbi ya ƙi tashi duk da haka, akwai dabarar da likitoci ke yi, a je abatuwa a tato ruwan tumbin saniya lahiyayya da anka yanka yanzu, lita biyar ko fiye, a rufe shi da ɗuminshi a kawo da sauri a ba shi ta tiyo. Shi anka yi ma nawa. Wari ba a magana amma kwana biyu ya fara tuƙa.

Abin gina jiki

Daga sati na biyu zuwa na ukku, baki ya rufe, tuƙa ta dawo, yanzu ne ake maganar maida nama. Sa na cin busasshen abinci kamar kilo biyu da rabi zuwa ukku a kan kowane kilo ɗari na nauyinshi, wato mai kilo 300 na buƙatar kilo bakwai da rabi zuwa tara a rana duka duka. Matsalar ita ce abinda ya fi yawa a hannunmu, kara da busasshiyar ciyawar rani, sinadarin gina jiki da ke ciki bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari ba, cika ciki ne kawai, sa na iya ƙoshi da kara shina ramewa. Harawar wake mai ganye ta ninka haka wajen sau ukku, dusar alkama wajen kashi 15, turto, wato tunkuzar anguryar auduga, daga 25 zuwa 40 gwargwadon yadda anka cire ɓawon anguryar, ƙuli ƙuli ko tunkuzar gyaɗa ya haura 40. Sa da ke gina sabuwar fatar harshe da sabon kofato wannan sinadarin ya fi nema.

Ga inda nike kaiwa a ƙarshen sati na huɗu ga sa mai kilo 300, ba ranar farko ba: ciyawa ko yankakken kara kilo ukku zuwa huɗu, harawa kilo biyu, dusa kilo biyu, turto kilo guda. Turto da kwata kilo nike farawa, in jiƙa shi tun dare don ƙwayoyin na da tauri, in ƙara kwata duk kwana huɗu. Wanda bai saba da shi ba zai shinshina ya juya kai, cuɗa shi cikin dusa kar shi iya tsincewa. Kada a ba ɗan maraƙin da bai fara tuƙa sosai ba turto ko angurya, akwai guba a cikin auduga da tumbin babba ke iya kashewa na ƙarami ba ya iyawa. Ƙuli ƙuli kuma rabin kilo ya isa, kuma ka fasa ka duba ka shinshina, in ya yi fumfuna ko ɗaci a zubar, fumfunar gyaɗa hanta take ci.

In kuɗi sun yi kaɗan kuma dole ka zaɓi abu guda, ni harawa zan ce. Na san tana tsada da rani, ɗauri guda sai ka riƙe baki, amma ita kaɗai ce ta haɗa laushi da gina jiki da ciyar da tumbi ba tare da haɗarin tsami ba. Kowar wake ma haka, a jiƙa. 'Ya'yan gawo kyauta ce Allah ya ba mu daidai lokacin da ba komi a daji, a daka su har ƙwayar ta fashe don in ba a daka ba haka take hita cikin kashi, kilo guda zuwa biyu a rana, na kalgo ma a daka. In unguwarku akwai injin niƙa kara to kai naka a niƙa, ka yayyafa ruwan gishiri ka cuɗa da dusa, sa zai cinye abinda da tattakewa zai yi.

Maganar takin ire, wanda 'yan Najeriya ke ce ma yuriya. Gaskiya ne ana gyara kara da shi, kilo 5 cikin ruwa lita 50 a kan kara kilo 100, a danne a rufe ruf iska ba ta shiga sati biyu zuwa ukku, a buɗe a sha iska sannan a ba dabba, kara ya yi laushi ya ƙara anfani. Amma ba na sa mai tashi daga ciwo ba ne, sai ya yi wata guda shina ci lahiya lau. Haka dunƙulen lasa da anka sa ma ire a ciki, sa mai yunwa in ya gutsura da yawa ko ruwan sama ya jiƙa shi ya sha ruwan, cikin rabin awa sai rawar jiki da kumburi, in ba a yi saurin ɗura binegar da ruwan sanyi ba sai wuƙa. Tambayi mai saidawa ko da ire a ciki.

Ɗanyen abu ma akwai na gudu. Gyauron dawa, wato tohon da ke hitowa bayan an yanke ko wanda fari ya kama shina ƙarami, guba ne mai kashewa nan take. Marak, wata ciyawar daji, ɗanye na farkon damina na kumbura ciki in sa ya cika tumbi da shi da yunwa. Sannan mu nan ƙasar albasa ce, daga Galmi har Tamaske, in ta ruɓe a rudu wasu na kwasowa su zube ma shanu, kaɗan ba komi amma da yawa tana fasa jini, fitsari ya yi ja, sa da ke fama da kanshi bai buƙatar wannan. Ganyen shu, wato kabeji, ma a yi shi da awo.

Gishiri, ƙashi da bitamin

Nan ne mutane ke zuba kuɗi, kuma nan ne ya fi ƙarancin tsada in an san abin yi. Gishiri gram 30 zuwa 50 a rana ya wadatar. Kantun Bilma ko dutsen lasa na farmasi a jira sai harshe ya warke, wajen sati na ukku, kahin nan a narka cikin dusa. Abinda gishiri da kanwa ba su da shi shi ne sinadarin ƙashi da likitoci ke ce ma fosfor, kuma ƙasarmu da ciyawarmu sun rasa shi, in ka ga sa na taunar ƙashi ko leda ko tsumma ko shina lasar bango to shi ya ke nema, kuma ta wajen taunar ƙashin mushe ne shanu ke ɗauko ciwon da ke shanye musu jiki. Dusa na da fosfor da dama. In kana son ƙari ka sayi garin ma'adinai na shanu, ko ka ƙone ƙashi har shi yi fari tas ka daka, awo guda cikin awo biyu na gishiri, ƙaramin hannu a rana. In za ka sayi dutsen lasa duba takardar ko akwai zinc a ciki, shi ke taimakon fata da kofato.

Bitamin A cikin ɗanyen ganye yake, hanta na ajiye shi 'yan watanni, to sa da boru ya kama a watan ukku ko na huɗu bayan ya daɗe kan busasshen abinci ajiyarshi ta ƙare, za ka ga ido na hawaye ko dundumi da magariba, gyambo kuma ya ƙi rufewa. Nan allurar bitamin AD3E guda na da ma'ana, ko kuma ɗanyen ganye kilo guda ko biyu a rana, zogale, ganyen dankali, ganyen gawo. Bitamin B kuma halittun tumbi ne ke yin shi, don haka allurarshi na da anfani kwanakin da tumbi ke kwance, da ya tashi to ka daina ɓarnar kuɗi. Na ga mai yi ma sa allurar bitamin kullum har sati biyu alhali kara zalla ke cikin komi, kuɗin alluran nan da harawa ya saya da su.

Maganin tsutsar ciki a bari sai ya fara ci sosai, sati na ukku haka, kuma in saniya ce mai sabon ciki kar a ba ta albendazol. Oksitetrasiklin mai dogon aiki, wadda ake yi mililita 1 a kan kilo 10, aikinta hana gyambo ruɓewa ne, likita ne zai ce a yi ko kar a yi, kuma a saye ta a farmasin dabbobi ba a tiren da ya wuni cikin rana a kasuwa ba. Rubuta ranar da anka yi ta a bango, don akwai kwanakin da ba a yanka dabba a ci bayanta, suna rubuce jikin kwalba, yawanci sati ukku zuwa huɗu.

Ƙafa kuwa duk abincin duniya ba ya hawa jikin sa da ba ya iya tsayuwa. Wuri busasshe, yashi mai laushi, a kwashe kashi kullum, rumfa a kanshi. A wanke tsakanin kofato da ruwan bagaruwa dafaffe da ya huce, a bari ya bushe a fesa shuɗin maganin nan na gyambo, a shafa man dogon yaro kewaye don ƙuda, saboda in ƙuda ya yi ƙwai tsutsa ta shiga sai kofato ya kwaɓe gaba ɗaya. Baƙin man mota da gazuwal da ruwan batir da wasu ke zubawa ƙona nama suke. Wanda ke kwance a juya shi gefe zuwa gefe sau ukku ko huɗu a rana kuma a tokare shi shi zauna kan ƙirji, in ya miƙe a gefe guda ciki zai kumbura. Kar a sa shi jan amalanke ko doguwar tahiya sai ya yi wata biyu, sabon kofato a hankali ya ke sauka.

Abu biyu da sauri. Warkewa ba ta nuhin ya gama da boru har abada, iri bakwai ne a duniya, a yankinmu an san O da A da SAT1 da SAT2, wanda ya yi ɗaya na iya kamuwa da wani baɗi, rigakahin ma sai ya dace da irin kuma kamar wata shida ya ke riƙewa, sannan ba ya cikin rigakahin kyauta na shekara shekara da ake ma shanu na ciwon huhu. Na biyu tumaki da awaki na ɗaukarta ba tare da sun nuna sosai ba su raba ma unguwa, jaki da doki ne ba ruwansu, don haka kar ka ja sa zuwa rijiya ko kasuwa don baki ya warke jiya, kuma sabon saye shi yi sati biyu shi kaɗai da bokitinshi.

Daga sati na shida za ka ga abin mamaki, sa da ya rame da ciwo in tumbinshi lahiya yakan yi saurin maida jiki fiye da wanda bai taɓa ramewa ba. Ina auna ƙirji da igiya bayan ƙafafun gaba duk Juma'a in ƙulla alama, ido na ruɗi amma ƙulli ba ya ƙarya. Ukku daga cikin nawa igiya ta yi ta ƙaruwa, har wanda na tsamar ma tumbi, sai dai ya makara da wata guda. Bororon ne ya tsaya wuri ɗaya, gashi ya yi tsawo ya yi buzu buzu, rana na ɗagawa sai haki baki buɗe shina neman inuwa ko ruwan da za shi tsaya ciki. Na ƙara turto na ƙara allura, Baffa ya zo ya dube shi ya ce wannan boru ya bar mishi haki, ko buhu goma ka ba shi haka za shi zauna, likita ma ya ce haka ne, yana faruwa ga wasu bayan cutar kuma ba su cika komawa daidai ba. Na ƙirga kwanakin allura a bango sunka cika, na kira mahauci, kuɗin da ya ba ni na sayi harawa da turto na ƙarasa kiwon sauran ukkun da su.